Salsalar kayan tarihi da tsofaffin hotuna: yadda za ka bi diddiginta ka rubuta ta

A tsofaffin gidajen Sakkwato da wuya ka rasa adaka ko akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba. A ciki za ka iske takobi, ko riga saƙi mai aska takwas, ko littafi rubutun hannu cikin gafaka, ko allon zayyana, ko tarin hotuna baƙi da fari da suka fara yin ja. Ka tambayi masu gidan, za a ce maka na kaka ne. Wane kakan? Ina ya samo shi? Wa ya riƙe bayansa? Nan magana ke tsinkewa.

Amsar waɗannan tambayoyi ita ce salsalar abu, wato jerin hannuwan da ya bi tun daga wanda ya yi shi har zuwa wanda ke riƙe da shi yau, tare da hujjar kowane sauyin hannu. Duk wanda ya zauna gaban malaman garin nan ya san darajar isnadi. Ba a karɓar hadisi don daɗin lafazinsa sai an san wa ya ji daga wa, kuma in mutum ɗaya ya faɗi daga tsakiya, hukuncin ya sauya. Da irin wannan ido ma'aikatan gidajen tarihi da manyan 'yan gwanjo ke kallon zane ko hoto ko takobi. Suna son su san ko abin shi ne abin da aka ce, da kuma ko mai riƙe da shi ta halal ya same shi. Kuɗi kuwa bayan waɗannan biyu yake biyowa. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka gano a wani gida a Landan bayan an daɗe ba a san inda yake ba, fam miliyan 1.2 aka saye shi a gwanjo a 2018, kuma ba wanda zai zuba irin wannan kuɗi sai ya gamsu da amsoshin biyu.

Kada ka gyara komai tukuna

Matakin farko shi ne ka riƙe hannunka. Mu mutane ne masu son tsafta, da mun ɗauko tsohon takobi sai mu nemi toka da lemun tsami mu goge shi har ya yi ƙyalli, mu kai wa baduku ya sauya masa kube. To da tsatsar da tsohon kuben da ɗinkin da ke jikinsa duk shaidu ne, ka goge su ka goge abin da masani zai duba. Haka hoto. Kada ka yi masa laminatin, don zafin na'urar da gam ɗin ledar suna kama fuskar hoton, ba a kuma iya cirewa. Kada ka liƙe yagewa da salatif. Kada ka yi rubutu da biro a bayansa, tawadar tana ratsowa. In an cire hoto daga tsohon firam, a ajiye firam ɗin da kwalin bayansa, sau da yawa can ne hatimin shagon yake. Albam kuma a bar shi yadda mai shi ya jera, don jerin ma labari ne: hoton da ke kusa da wani yakan faɗa maka su wane ne a ciki.

Rubuta abin da idonka ya gani

Samo littafin rubutu guda, ka ba kowane abu lamba da shafinsa. Akwai tsarin da gidajen tarihi da 'yan sandan duniya suka yarda da shi tun 1997, ana kiransa Object ID, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Ka rubuta mene ne abin, da me aka yi shi kuma ta wace hanya, tsawonsa da faɗinsa da santimita, rubutu ko alamar da ke jikinsa, abin da ya bambanta shi da irinsa, sunan da aka san shi da shi, abin da yake nunawa, zamaninsa, da wanda ya yi shi in an sani. Sai ka ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe, a inuwa da rana, ka ajiye rula kusa da shi.

Ka fi ba tabo muhimmanci. Riguna masu aska takwas suna da yawa, amma wadda gara ta ci a kafaɗar hagu aka yi mata maho da wani zane daban guda ɗaya ce a duniya. Ranar da aka sace ta, wannan mahon ne zai dawo maka da ita.

Abin da ke rubuce a jikin abin

Nan ya kamata ka zauna da kyau, don abu yakan faɗi labarinsa fiye da yadda masu shi suka zata.

In littafi ne rubutun hannu, fara da shafin ƙarshe. Galibi bayan an rubuta cewa littafi ya kammala da godiyar Allah, wanda ya kwafe shi yakan sa sunansa, wani lokaci da sunan wanda aka kwafa wa, wani lokaci da rana da wata. Duba shafin farko da gefen shafuka da cikin tadarishi, wato bangon littafin, inda masu littafi kan rubuta cewa wannan mallakin wane ɗan wane ne, ko an yi waƙafinsa. In ka ga an kankare suna an rubuta wani a kai, ka rubuta hakan, sauyin hannu ne ka kama. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa mawallafi da mai kwafa. Littafin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko Abdullahin Gwandu ya wallafa, almajirai sun yi ta kwafarsa shekara da shekaru bayan rasuwarsu, don haka ganin sunan Shehu a farkon littafi bai nuna rubutun hannunsa ne ba.

Sannan ka ɗaga takarda ɗaya ka haska ta daga baya da tocila. A tsofaffin littattafan ƙasar nan da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun takarda ne na arewacin Italiya, waɗanda kayansu ke ratso Sahara ta Tarabulus. Alama ce mai kyau ta tsufa, sai dai an daɗe ana yin irin wannan takarda har cikin ƙarni na 20, don haka ita kaɗai ba ta yanke shekara. Kuma ka kula da jerin shafukan. Littattafanmu warwara suke ba ɗinki, kalmar da aka rubuta a ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita za ka gane ko wani ya ɓace ko an cusa na wani littafi.

Hoto kuwa ranaku uku gare shi, kuma mutane na cakuɗa su: ranar da aka ɗauke shi, ranar da aka wanko wannan kwafin da ke hannunka, da ranar da aka fara buga shi a jarida ko littafi. Ana iya ɗaukar hoto a 1958 a sake wanko shi daga fim ɗinsa, wato negatif ɗin da aka ciro daga kyamara, a 1995, ko a ɗauki hoton tsohon hoton. Duka suna da amfani, amma darajarsu ba ɗaya ba, kuma wajibi ne takardarka ta faɗi wanne ne. In fim ɗin yana nan, ya fi kwafin kansa muhimmanci.

Juya bayansa. Hatimin shagon hoto da ya ce North-Western State ya sa ka tsakanin 1967 da 1976, don a waɗannan shekaru ne Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma kafin a kafa Jihar Sakkwato. Hatimin Birnin Kebbi ko Argungu da ke cewa Jihar Sakkwato galibi kafin 1991 ne, na Gusau kuma kafin 1996. Farashi da fam da sule yana nuna kafin zuwan naira a Janairun 1973. Lambar waya mai farawa da 080 ba ta wuce 2001 baya ba, komai tsufan da hoton ya nuna. A cikin hoton kansa, duba titi: motoci a hannun hagu suke tafiya kafin Afrilun 1972. Tuta mai kore da fari da kore a kan ginin gwamnati daga Oktoban 1960 ne. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai ba ka rana, amma kowane yana rage maka faɗin shekarun da kake lalube a ciki.

Zama da tsofaffi

Wannan shi ne matakin da ba ya jira. Takarda za ta iya kwana shekara 50 a akwati ta jira ka, tsoho ba zai jira ba.

Ka je da abin a hannu, bayan la'asar, lokacin da gida ya natsu. Ka nemi izini ka naɗi murya da wayarka, ka fara da faɗin ranar da sunan mai magana. Kuma ka shiga cikin gida. Maza sukan san labarin yaƙi da sarauta, amma in hoton biki ne ko na suna, gwaggo ko inna ce za ta nuna maka da yatsa ta ce wannan 'yar wane ce, wancan a Wurno aka kai ta aure, wannan yaron bai yi rai ba. Kayan ɗaki ma, tasoshi da ƙorai da mundaye, ta wajen mata suke gangarowa, daga uwa zuwa 'ya.

Yadda ka yi tambaya shi ke yanke irin amsar da za ka samu. In ka ce, “Baba, ba da wannan takobin aka yi yaƙin Giginya ba?” ka riga ka sa masa amsa a baki, zai ce ƙwarai kuwa, ko don ya faranta maka. Ce masa, “Baba, a hannun wa ka fara ganin wannan takobi?” In ya ce, “Wanga ai na Malam na, shi yab ba tsohona,” sai ka bi a hankali: wane Malam, kyauta ya ba shi ko ajiya, kai ka ga lokacin da aka ba shi ko gaya maka aka yi, wa ya gaya maka? Tambayar nan ta “ka gani ko ka ji” ita ce ƙashin bayan aikin duka. In da za a tara takubban da aka ce an je da su yaƙin Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ina jin da sun fi mayaƙan yawa. Ba ƙarya mutane ke yi ba. Labari ne ke girma da kowane baki da ya bi.

Tsofaffi ba su cika lissafi da shekarar Miladiyya ba, da zamanin sarki suke yi, kuma wannan ya ishe ka. Zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu 1903 zuwa 1915 ne, Maiturare 1915 zuwa 1924, Tambari 1924 zuwa 1931, Hassan ɗan Mu'azu 1931 zuwa 1938. Na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne mai wahala, don shekara 50 ya yi, daga 1938 zuwa 1988, sai ka ƙara tambaya: kafin 'yancin kai ko bayansa, Sardauna na da rai ko bayan 1966, kafin yaƙin basasa ko bayansa?

Ka tambayi mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai. Inda suka saɓa, ka rubuta duka maganganun da sunan mai kowace. Ba aikinka ne ka sasanta su ba.

Yadda abin ya sauya hannu ma a fayyace shi, don a nan rigima ke kwana. Gado daban, kyauta daban, saye daban, aro daban, jingina daban, waƙafi daban. Littattafai nawa ne a garin nan aka ara don a kwafa, mai aro ya rasu, 'ya'yansa suka gaje su da zuciya ɗaya? Littafin waƙafi kuwa ba na sayarwa ba ne ko da ya shekara 100 a zaurenku.

Daga nan ka nemi takardu: rasit, wasiƙa, takardar rabon gado, tsohuwar jarida, ko wani hoto da abin ya fito a cikinsa, kamar kaka sanye da rigar a hawan salla. In abin ya shafi sarauta ko malanta, ka leƙa Ofishin Tarihi da Al'adu na Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ka tuntuɓi malaman tarihi da na Larabci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Takardun zamanin Turawa na Lardin Sakkwato kuma Kaduna suke, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ga kuma cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ita ma a can.

Rubuta salsalar

Ka jera ta daga mafi tsufa zuwa yau, kowane hannu layi ɗaya, kuma a ƙarshen kowane layi ka faɗi ƙarfin hujjarsa. Ga yadda takan kasance, a ce ta riga ce:

Wanda ya saƙa ta da wanda ya yi mata aiki: ba a sani ba.
Wane ɗan wane, zamanin Sarkin Musulmi Hassan. An ce kyauta ce daga fada. Daga bakin jikarsa, ita ma ji ta yi.
Ɗansa wane, ta gado. Akwai hotonsa sanye da ita, hatimin bayan hoton na tsakanin 1967 da 1976 ne.
Daga rasuwarsa zuwa 1994: ba a san a hannun wa take ba.
Ni wane, daga 1994, kawuna ya ba ni gaban shaidu biyu.

Layin nan na “ba a sani ba” shi ne wanda hannu ke ƙaiƙayin cikewa. Bar shi haka. Masani ya fi yarda da salsala mai giɓi da aka faɗi gaskiyarsa a kan wadda ta zo sumul ba tangarɗa, don masu jabu ne suka fi kowa iya cike giɓi. Wolfgang Beltracchi, Bajamushen da aka ɗaure shekara 6 a 2011, bai tsaya ga zana hotunan bogi da sunan manyan masu zane ba. Ya sa matarsa ta yi shigar kakarta, ta zauna gaban zanukan a rataye a bango, ya ɗauke ta da tsohuwar kyamara ya wanke a tsohuwar takarda, don a ce tun zamanin kaka suke gidan. Abin da ya tona shi wani farin fenti ne mai sinadarin titaniyam da aka samu a zanen da aka ce na 1914 ne, alhali a lokacin ba a fara sayar da irinsa ba. Don haka hujja ma a bincike ta: wa ya kawo ta, ina take kafin yau?

Hoton da ya zo ta waya

Kowane 'yan watanni sai wani hoton dattijo mai rawani ya zagayo WhatsApp an ce Shehu ne. Shehu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Bello a 1837, ita kuwa fasahar ɗaukar hoto sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa. Lissafin ya ƙare a nan, ba sai an yi musu ba.

Ga sauran hotuna, ka sa su a manhajar binciken hoto irin Google Lens ko TinEye ka nemi inda suka fara fitowa, da bayanin da ke tare da su a can. Sau da yawa za ka iske hoton na wani gari ne ko wata ƙasa, a hanya aka sauya masa suna. Hoton waya ko kyamarar zamani yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira Exif, mai nuna na'urar da ta ɗauka da rana da lokaci, wani sa'in har da wuri. WhatsApp da Facebook suna share shi in an tura hoto yadda aka saba, amma in an tura shi a WhatsApp a matsayin fayil yakan iso da bayaninsa. Sai ka roƙi na asalin daga wanda ya ɗauka. Ka dai sani ana iya sauya Exif, kuma agogon kyamara kan yi kuskure. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke haɗa hoton da ba a taɓa ɗauka ba, kamfanoni irin su Adobe da Microsoft da BBC sun haɗu a 2021 sun kafa tsarin C2PA, wanda ke liƙa wa hoto tarihin ɗaukarsa da gyare-gyarensa. Bai yaɗu ba tukuna, don haka rashinsa a jikin hoto ba ya nuna komai.

Kai ma in za ka ɗora hoton gidanku, ka rubuta su wa ke ciki, ina, yaushe, wa ya ɗauka, a hannun wa asalin yake. Kuma mallakar kwafi ba ta ba ka haƙƙin hoton ba, galibi wannan na wanda ya ɗauka ne.

In ciniki ya shigo

Kafin ka saya ko ka sayar, ka san doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a cinikinsu sai da hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a fita da su ƙasar waje sai da izininta, abin da aka tono daga ƙasa kuma ita ake sanarwa. A waje, shekarar da ake dubawa ita ce 1970, lokacin yarjejeniyar UNESCO kan fataucin kayan al'adu, wadda Najeriya ta shiga a 1972. Manyan gidajen tarihi yanzu sukan nemi hujjar cewa abu ya bar ƙasarsa kafin 1970, ko kuma da izini ya fita.

Sunan garinmu ma yana cikin wannan magana. Akwai mutum-mutumin gasasshen yumɓu da kasuwar Turai ke kira na Sakkwato, 'yan uwan na Nok da na Katsina, kuma kusan dukkansu haƙar sata ce ta fito da su, ba wanda ya rubuta ramin da aka same su ko abin da ke kusa da su. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin hatsari. A shekarar ne kuma aka baje wasu a gidan tarihin Louvre a Paris, daga cikin guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta amince mallakin Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Ka kwatanta da kayan tagulla na masarautar Benin da ke Jihar Edo. An san sojojin Ingila ne suka kwashe su a 1897, an san gwanjon da da yawansu suka bi, shi ya sa Jamus ta iya miƙa wa Najeriya mallakar fiye da 1,000 a 2022. Na yumɓun nan kuwa, ko an dawo da su, ba mai iya cewa daga wane ƙauye suka fito. Gwajin da ake yi wa yumɓu a ɗakin bincike yana iya nuna tun yaushe aka gasa shi, amma ba ya faɗin wa ya tono shi.

Dillalin da ya ce maka “daga wani babban gida ya fito, ba sa son a ambaci sunansu”, ko “yau kawai, gobe wani Bature zai ɗauka”, ka bar masa kayansa. Hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, tana da manhajar ID-Art da ake duba kayan da aka kai rahoton sacewa, kyauta ce, amma abin da aka kai rahoto kaɗai ke ciki. In kuwa sabon zane ne daga hannun mai zanen da ke raye, aikin da sauƙi: ya rubuta maka rasit da sunan zanen da girmansa da shekara, ya sa hannu, ku ɗauki hoto tare da zanen a ranar.

Inda za ka ajiye takardar

Kwafi uku za ka yi: ɗaya tare da abin, ɗaya wajen wani ɗan uwa a wani gida, ɗaya a imel ɗinka tare da hotuna da muryoyin da ka naɗa. Lambar abu a rubuta ta da fensir mai laushi a gefen bayan hoto, ko a ɗan kati a ɗaura da zare, ban da fenti ko alƙalamin maka. Akwatin a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da damina, a nesanta shi da bangon da rana ke duka.

Lokacin da salsala ta fi tsinkewa shi ne rabon gado. Kafin a raba, a yi wa hotuna da littattafai sikanin gaba da baya, a rubuta wa ya ɗauki me, kowane magaji ya samu kwafi. In kuma iyali sun yanke shawarar kai abu gidan tarihi ko jami'a, a rubuta ƙarara ko aro ne ko kyauta, in aro ne na shekara nawa, wa ke da ikon karɓowa, sannan a karɓi takardar shaida mai lamba da hatimi da sa hannun jami'in da ya karɓa.